DARASI: KIWON DOKI A GIDAN MANOMI A ƘASAR DAURA

Tun da gwamnati ta janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin hawa babur ya tashi ƙwarai. Sai ga tambaya tana ta zuwa mana daga ƙungiyoyinmu na wajen Zango da Baure da Sandamu. Tambayar ita ce, ashe ba gara mutum ya koma ga doki ba, tun da shi ba ya shan fetur? Darasin nan shi ne amsarmu. Muna roƙo a karanta shi a taron ƙungiya sa'ad da mata da samari suke zaune, gama yawancin abin da za mu faɗa ya fi shafarsu bisa ga mai gida.

Ba sai an koya wa mutumin Daura son doki ba. Kowane yaro ya san labarin Bayajidda, yadda ya iso garin da dare, ya sauka a gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, ya roƙi ruwa domin ya shayar da dokinsa. Tsohuwar ta ce masa ba a samun ruwa sai ranar Juma'a, saboda macijin da ke cikin rijiyar Kusugu. Rijiyar tana nan har yau a cikin gari. Masana tarihi suna da gardamarsu a kan labarin, wannan kuwa ba fagenmu ba ne. Abin da muke so manomi ya lura da shi shi ne, wahalar fari da baƙon ya tarar a Daura ita ce ruwan doki.

Har yanzu ana hawa a Daura da Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah, ana hawan Magajiya, ana kuma bikin Gani a watan Rabi'ul Awwal. Hakimai da dagatai sukan shigo da dawakinsu su yi gaisuwa a ƙofar fada, kamar yadda aka yi zamanin Sarki Muhammadu Bashar, wanda ya yi sarauta daga 1966 zuwa 2007, da zamanin Alhaji Umar Faruk Umar da ya gaje shi. Duk wanda ya tsaya kallo ya ga akawal da kili da bidi sun sha ado, lalle zuciyarsa za ta ɗarsa masa shi ma ya kafa turke. Amma kowane doki da kuka gani a wurin, akwai 'yan barga a bayansa waɗanda ba su da wani aiki sai shi. Sarki yana da Shamaki. Manomi kuwa, ɗansa ne ɗan bargarsa, matarsa ce mai ba da dusa, rumbunsa kuma shi ne baitulmali.

Mu fara da lissafin ci

Dokin ƙasarmu matsakaici yakan kai nauyin kilo 300, ko ya ɗara kaɗan. Domin ya zauna da jikinsa yana bukatar busasshen abinci wajen kilo 7 kowace rana. Mu ce kilo 6 na harawa da ingirici da karmami, sauran kuwa hatsi da dusa.

A ƙasar Daura ruwan sama ba ya wuce wata huɗu. Daga Oktoba har zuwa farkon Yuni babu ɗanyar ciyawa sai a fadama, watau wajen kwana 240 ke nan. Ku buga 240 sau 6, za ku sami kilo 1,440. Damin harawa ba ɗaya ba ne daga gida zuwa gida, saboda haka kowa ya ɗauki damin gidansa ya aza a sikeli. In ya tashi kilo 5, to, dami 288 ne dokin zai cinye kafin sabuwar ciyawa ta fito. Yanzu sai mai gida ya fita ya dubi abin da ya jibge a kan rumfa da bisa itace bara, ya cire rabon shanun huɗa, ya cire na awakin uwargida da ragon da ake turkawa, ya ga abin da ya rage.

Ga kuma hatsi. Dokin da ba ya aiki mai nauyi, rabin tiya na dawa ko gero ya ishe shi a yini, a raba masa biyu, safe da yamma. In muka ɗauki buhu a kan tiya 40, buhu huɗu da rabi ke nan a shekara. Masu son a ga dokinsu ya yi ƙiba sukan ba shi tiya guda cur, watau buhu 9. Babban mutum kuwa buhu biyu ko biyu da rabi yake ci a shekara. Ashe wannan doki ya cinye abincin mutum huɗu. Gidan da hatsinsa ke ƙarewa tun kafin a yi huɗa, ba sai mun faɗa masa ba, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza.

Ba mu faɗi wannan don mu kashe wa kowa gwiwa ba. Mun faɗa ne domin dawaki da yawa ba cuta ke kashe su ba, bazara ce. Mutum ya saya da kaka, lokacin da harawa take da araha, jikin doki yana sheƙi. Kafin watan Afrilu rumfa ta zama wayam, harawa ta yi tsada a kasuwa, haƙarƙarin doki ya fito ana ƙirgawa. Daga nan sai a ci bashi, ko kuwa a kai shi kasuwa a sayar da asara.

Maganin wannan a gona yake. Wanda ya yi niyyar kafa turke, sai ya ware wa dokin fili tun da shuka. A ƙara wake mai yaɗo a tsakanin gero. A tuge gyaɗa ganyenta bai kakkaɓe ba, a shanya harawar ta bushe sarai, a ɗaga ta daga ƙasa, a kāre ta daga rana da ruwan ƙarshe. A watan Satumba, kafin ciyawa ta tsufa ta zama tsinke, a yanki harkiya da guɗeguɗe da kyasuwa a yi ingirici. Ciyawar da aka yanka tana fara fure ta fi wadda ta bushe a tsaye amfani nesa ba kusa ba. Ƙowar wake da 'ya'yan gawo su ma abinci ne, kada a bar su su lalace.

Wa zai yi aikin?

Wannan tambaya ce da ba a cika yin ta ba, ita ce kuwa take kawo ɓacin rai a gida.

Doki yakan sha ruwa lita 25 zuwa 40 a yini. Da bazara jarka biyu ba ta yi masa yawa ba. In rijiya ko famfon burtsatse yana da nisa, wani ne zai ɗauko. Da damina kuma wani zai ɗauki lauje kowace safiya ya cika buhu da ciyawa. Wani zai share turke, wani zai goge masa jiki. Doki bai san ranar kasuwa ba, bai san ranar biki ko ranar da mai gida ya kwanta zazzaɓi ba.

Mun sha ganin yaro ɗan aji biyar yana isa makaranta an riga an yi darasi biyu, in aka tambaye shi sai ya ce ciyawar doki ya je yankowa. Wannan ba daidai ba ne. A shirya aikin yadda yaro zai yi nasa da yamma bayan an tashi, mai gida ko wani babba ya ɗauki na safe.

Haka nan batun dusa da ƙasari. A yawancin gidajenmu waɗannan na uwargida ne. Da su take kiwon awakinta, ko ta sayar ta sayi gishiri da sabulu. In doki ya shigo ya karɓe su, dukiyarta ce ta ragu ba tare da an ce mata ko sannu ba. Sai a zauna da ita tun kafin a je kasuwa. In ta yarda, a san abin da za a mayar mata, ko kuɗi, ko rabo daga abin da dokin zai kawo. Gidan da aka yi wannan shawara, za ka ga kowa yana cewa “dokinmu”. Inda ba a yi ba kuwa, “dokin Baba” ne, ranar da Baba ya yi tafiya sai dokin ya kwana da ƙishirwa.

A kasuwa

Ana samun dawaki a kasuwar Mai'adua ranar Lahadi, da ta Maigatari a Jihar Jigawa ranar Alhamis. Da yawansu daga Nijar ake shigo da su, shi ya sa ciniki yakan rikice duk sa'ad da aka rufe iyaka, kamar yadda aka yi daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024.

Kada ka tafi kai kaɗai. Tafi da wanda ya daɗe da doki, wanda ba shi da la'ada a cinikin. A buɗe baki a dubi haƙora. Doki yakan fara famfarar haƙoran gaba yana da shekara biyu da rabi, ya gama yana da wajen biyar. A ɗaga ƙafafu huɗu ɗaya bayan ɗaya a dubi kofato. A cire sirdi a shafa gadon baya, gama jalala mai kyau takan ɓoye gyambo. A sa a ja shi ya yi sassarfa a ƙasa mai tauri, in yana ɗingishi a nan za a gani.

Ga gidan da ke da yara, shawararmu ita ce a nemi goɗiya, ko doki mai shekara takwas zuwa sama wanda ya natsu. Mun sani mutanenmu suna ganin hawan goɗiya kamar ƙasƙanci ne. Amma ingarma mai zafin kai na gwanaye ne, ba na gidan da yaro ɗan shekara goma zai kai shi ruwa ba. Kada kuma a ruɗu da manyan dawakin da ake gani a filin folo na Katsina, wasan da ya kafu a can tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko da ɗansa Usman Nagogo. Waɗannan cinsu da maganinsu dabam ne. Dokin gida ya fi jure zafi da ƙarancin abinci.

Sabon doki a turke shi nesa da sauran dabbobi har mako biyu ko uku. A ƙarshen 2018 murar dawaki da jakuna ta ɓulla a Jihar Sakkwato, a 2019 ta bazu a Nijar da wasu ƙasashen Afirka ta Yamma, ta kashe jakuna masu ɗimbin yawa. Ta hanyar kasuwa da mashaya irin wannan cuta take tafiya.

Ciki da kofato

Tumbin doki ƙarami ne in aka gwada da girman jikinsa. Ba ya tuƙa kamar saniya, ba ya kuma iya amai. Duk abin da ya shiga, sai ya bi ta hanji ya fita. Saboda haka a ba shi kaɗan-kaɗan sau da yawa, kada a tara masa a lokaci guda. A shayar da shi tukuna, a ba shi harawa, sa'an nan hatsi. In za a sauya masa abinci, kamar daga busasshe zuwa ɗanyar ciyawa da farkon damina, a yi a hankali cikin kwana bakwai zuwa goma.

Akwai abu guda da ya shafe mu musamman, mu mutanen jigawa. In ana zuba wa doki abinci a ƙasa, yakan haɗiye yashi tare da shi. Yashin yana taruwa a hanji wata da watanni, ran nan sai ciki ya murɗa. Za ka ga doki ya ƙi ci, yana tonon ƙasa da ƙafa, yana waiwayen cikinsa, yana zufa, yana neman birgima. Da ka ga haka ka ɗauke abinci, ka ja shi yana takawa a hankali, ka aika a kira malamin dabbobi nan da nan. Kada a yi masa ɗure ta hanci, ruwan yakan faɗa huhu ya kashe shi. Rigakafin kuwa mai sauƙi ne, a yanka tsohon duro biyu, ko a sassaƙa komi, a riƙa zuba abincin a ciki.

Ga waɗansu abubuwa da ba a ba doki ko kaɗan. Harawar da ta yi fumfuna. Gyauron dawa, watau sabon tohon da ke fitowa bayan girbi ko bayan fari, gama yana da dafi. Abincin kajin gidan gona, domin akan sa masa wani maganin kaji wanda ɗan kaɗan daga cikinsa yake kashe doki. Haka kuma maganin kaska na shanu mai ɗauke da sinadarin amitraz, kada a wanke doki da shi, yana tsayar masa da hanji. A karanta takardar kwalba, wanda bai iya karatu ba ya kai wa sakataren ƙungiya. A kuma rufe rumbu da kyau. Dokin da ya tsinke ya ci hatsi ya ƙoshi, ko bai mutu da ciki ba, kofatonsa yakan yi zafi ya kasa takawa.

Kanwa da gishiri suna da amfani, a sa masa ya lasa da kansa. A ba shi maganin tsutsar ciki da farkon damina da kuma ƙarshenta. A tambayi malamin dabbobi allurar tetanus, ciwon da ke sandarar da jiki, gama ƙusa ko ƙaya guda a kofato ta isa ta jawo shi. Daga tsakiyar damina zuwa kaka akwai waɗansu ƙananan ƙwari masu cizo da magariba da asuba, su ne ke ɗauke da wata muguwar cutar dawaki mai kumbura kai da cika huhu da ruwa. A wannan lokaci kada doki ya kwana a fadama. A sa shi a rumfa, a yi masa hayaƙi.

Dawakinmu ba a sa musu takalmin ƙarfe, a kan yashi kuwa kofato ba ya cinyewa da kansa. Sai a riƙa gyara shi kowane mako shida zuwa takwas. Dabaibayi kuma a yi shi da igiya mai laushi, a duba ƙarƙashinta kullum.

Me doki zai mayar?

Na fari taki. Doki irin namu yakan ba da kashi fiye da kilo 10 a yini. In ana tara shi a rami tare da ragowar harawa da toka, ana yayyafa ruwa ana juyawa, kafin shuka an sami abin da zai gyara wani sashe na gona. Kada a kai shi ɗanye, yana cike da 'ya'yan ciyawa.

Na biyu haya, lokacin hawan Sallah da bikin aure. Akwai kuɗi a ciki, amma kada a ba da doki sai da ɗan gida ya bi shi. Wanda ya biya kuɗin yini guda ba ruwansa da yadda bakin dokin zai kwana.

Na uku, in goɗiya ce, takan ɗauki ciki wata 11, a yaye duƙushi yana da wajen wata shida. Ba a hawansa sai ya cika shekara uku.

Na huɗu shi ne wanda muke so ƙungiyoyi su yi tunani a kai. A ƙasar Senegal, a yankin da ake noman gyaɗa, ƙasarsu yashi ce kamar tamu. A can doki ne yake jan injin shuka da ƙaramar garmar firi, shi ne kuma yake jan amalanke zuwa kasuwa. Mu a nan mun bar wa shanu da jaki wannan, mun ce doki na hawa ne kawai. Ba mu ga dalilin da zai hana wata ƙungiya ta gwada ba. Gida uku ko huɗu su haɗa kuɗi su sayi doki guda da amalanke mara nauyi, kowane gida ya kawo daminsa da tiyarsa bisa ga abin da aka rubuta a littafi. Sai dai a tabbata kayan ja sun zauna a ƙirji da kafaɗa, ba karkiyar shanu za a ɗora masa a wuya ba.

Fita kilisa

Dokin da ke tsaye a turke dare da rana yakan lalace, ya koyi cizo da harbi. Yana bukatar fita kowace rana, ko da ta rabin sa'a ce. A nan ne kuma iyali suke cin daɗin wahalarsu. Da kaka, bayan an kwashe amfanin gona, sa'ad da la'asar ta yi sanyi, uba ya hau ya ɗora ƙaramin a gabansa, manyan yara suna biye da jaki ko keke, a bi burtali a kai gaisuwa ƙauyen kakanni. Doki yana cin wajen kilomita 6 a sa'a guda in takawa yake yi, saboda haka kowa ya iya auna inda zai kai ya komo kafin magariba. A halin da ake ciki kada dare ya yi wa kowa a daji. A faɗa wa na gida inda aka nufa. Mutanen Mai'adua da Zango da Baure kuma su tuna iyakar Nijar tana kusa, hanyar ƙafa ba ta da alama.

Yaro ya fara da goge doki da jansa da ragama, ya san ba a tsayawa a bayansa. In ya fara hawa, babba yana riƙe da igiya, a fili mai yashi. A rage tsawon likkafa daidai ƙafarsa, kada kuma a ɗaure yaro a sirdi ko da wasa. Hular kwano ta babur ta fi kai tsirara. 'Yan mata ma su koya, ba mu ga abin da doki ya sani game da wannan bambanci ba. Doki mai kilo 300 kada a ɗora masa fiye da kilo 60 zuwa 70, har da sirdi. Manya biyu a kan doki guda zalunci ne.

Linzamin gargajiya mai zobe yana da ƙarfi ƙwarai. An yi shi domin sukuwa da zamiya a hannun gwani. A hannun yaro yakan tsaga harshe da dasashi. Domin kilisa a sa linzami mai sauƙi, dokin da ya natsu ma ragama ta ishe shi. Ƙaimi kuwa a bar shi a rataye a ɗaki.

A guji kwalta, tana da santsi, tana cin kofato, ga motoci. Da damina kada a ratsa shukar kowa, kada kuma a bar doki ya miƙa wuya ya fizgi geron maƙwabci a bakin hanya. A mashaya a jira shanun makiyaya su gama. In ya yiwu a tafi da bokitin gida a ɗebo masa, ya fi ya sa baki inda kowace dabba ta sha.

In an kusa gida, a bar shi ya taka a hankali a kilomita ta ƙarshe domin zufa ta bushe. Da an sauka a sassauta majayi, a dakata kaɗan tukuna a cire sirdi. A shafa bayan da tafin hannu, in an ji kumburi ko wuri mai zafi, ba za a sake ɗora sirdi ba sai ya warke. A ɗaga kofato a cire tsakuwa da ƙaya. A ba shi ruwa rabin bokiti, a jira numfashinsa ya kwanta, a ƙara masa har ya ƙoshi. Hatsi kuwa sai bayan sa'a guda.